Daren da aka karya sefa: yadda gidajenmu suka rayu daga 1994 zuwa 2005



Kwanakin nan duk fadar da ka zauna, duk gidan sunan da ka shiga, zancen guda ne: tiyar hatsi, buhun shinkafa, kwalbar mai, kuɗin lakwal na yara. Matasa na cewa ba a taɓa ganin tsada irin wannan ba. Ba mu ce sun yi ƙarya ba, wanda ke tsaye cikin rana shi ya san zafinta. Amma mu da furfura ta fara kamawa mun ga wani dare da mutum ya kwanta da jika goma a aljihu, ya wayi gari ƙarfinta a kasuwar duniya ya koma na jika biyar, ba ɓarawo, ba gobara. Mafi yawan ƴan Nijar na yau ba a haife su ba a lokacin. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba da labarin, musamman abin da ya faru cikin gidaje, don shi ne ba a cika faɗa ba.

Ranar Talata 11 ga Janairu 1994, shugabannin ƙasashen da ke amfani da sefa suna taro a Dakar. Abin da aka sanar shi ne za a duba matsalar kamfanin jiragen sama na Air Afrique, wanda bashi ya yi wa katutu. Sai dai a wurin akwai Michel Camdessus, shugaban asusun ba da lamuni na duniya, FMI, akwai kuma Michel Roussin, ministan Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashenmu. Da dare ministan kuɗin Kamaru, Antoine Ntsimi, ya karanta sanarwa. Daga ranar 12 ga wata, faran guda na Faransa da ake saye sefa 50, wato dala goma, ya koma sefa 100, dala ashirin. Tun 1948 ba a taɓa wannan ma'auni ba. Houphouët-Boigny na Kodibuwa, wanda aka san ba ya son a taɓa shi, ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993, kuma mutane da yawa sun ce jira aka yi ya rufe ido. A nan gida, Mahamane Ousmane bai cika shekara kan mulki ba, Mahamadou Issoufou ne firaministansa.

Lissafin ba shi da wuya. Kayan da ɗan kasuwa ke sarowa faran 100 a Faransa, jiya jika biyar ne, yau jika goma. Magani, littafin makaranta, kayan gyaran mota, madarar gwangwani, garin alkama, taki, kujerar Makka, duk abin da ake biya da kuɗin waje ya shiga wannan lissafi. Albashi kuwa yana nan inda yake. In ma ya zo ke nan.

Don kada a manta, sefa ba ta faɗo kan mutane masu ƙoshi ba. Gyaɗar da ta gina Maraɗi da Damagaram ta riga ta durƙushe tun farin shekarun 1970 da cutar da ta kama ta a 1975. Yuraniyom na Arlit da Akuta ya ɗauki ƙasa na ƴan shekaru, aka ƙara albashi, aka yi gine-gine a Yamai, sai farashinsa ya karye a farkon shekarun 1980. Daga 1983 gwamnatin Kountché ta shiga yarjejeniya da FMI, aka fara tsuke bakin aljihu, ɗaukar ma'aikata ya ragu har ya kusa tsayawa. Sai farin 1984, ga Najeriya ta rufe iyaka tun watan Afrilu, yunwar da har gobe tsofaffinmu ke kira El-Buhari. A 1990 babban bankin BDRN ya rushe da kuɗin mutane a ciki. Bayan taron ƙasa na 1991 mun samu bakin magana da jam'iyyu, amma baitulmali fayau. Ma'aikaci kan yi wata biyu, wata uku, bai ga albashi ba, in ya zo kuma mai kanti da mai gidan haya sun riga sun raba shi tsakaninsu. A kan wannan gyambon aka zuba barkono.

Gaskiya ɗaya da ya kamata mu faɗa: waɗanda suka karya kuɗin suna da hujjarsu, kuma mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa saninta. Tun da naira ta fara zubewa a 1986, sefa ta yi ƙarfin da ya wuce ƙarfin ƙasar da ke riƙe da ita. Ɗan canjin Wapa a Kano yana neman sefa ido rufe, don takarda ce da ake iya mayarwa faran ɗin Faransa. Da ƴan jikkuna kaɗan sai ka ciko mota da sabulu, atamfa, robobi, ashana da mai daga Jibiya ko Illela ko Mai'aduwa. Mai saye ya ji daɗi. Amma ƴan masana'antun da muke da su ba su iya gasa da wannan araha ba, makiyayi kuma in ya kora shanu kudu sai a ce sun yi tsada. Tun watan Agusta 1993 bankin BCEAO ya daina karɓar takardun sefa da aka fitar waje da yankinta. Manyan alhazai sun fahimci alamar, wasu suka juya dukiyarsu ta koma kaya ko kuɗin waje tun da wuri. Malamin lakwal da mai gadin asibiti ba su da abin juyawa.

Washegarin sanarwar, abin da muka fara gani shi ne kantuna a rufe. Ba yajin aiki ba ne, lissafi ne. Mai kanti yana tambayar kansa: in na sayar da sukarin nan a kuɗin jiya, da me zan saro wani gobe? Wasu suka ɓoye kaya, wasu suka buɗe da sabon farashi kan tsohon kaya, aka yi ta zage-zage da Allah ya isa. Gwamnati ta ce ta ƙayyade farashin wasu kayan masarufi, amma takarda daban, kasuwa daban. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne har mai tumatir da mai itace sun ƙara kuɗi. In ka ce mata, “Ke kuma tumatirinki daga Faransa ya zo?” sai ta ce maka ita ma sabulu take saye. Kuma tana da gaskiya. A ƙididdigar hukuma, farashin kaya ya tashi da fiye da kashi 30 cikin 100 a wannan shekara guda.

Wata ɗaya bayan haka azumi ya kama. Duk wanda ya riƙe gida ya san azumi shi ne watan sukari, mai, ƙanƙara da kayan sallar yara. A wannan azumin ne gidaje da yawa suka koyi abin da suka ci gaba da yi shekara goma.

Tukunya aka fara taɓawa, don ita ce kusa da hannu. Gidan ma'aikacin da ya saba da shinkafa da rana, tuwo da dare, burodi da madara da safe, ya koma wa hatsi. Koko da ƙosai suka kori burodi. Nama ya tashi daga kilo ya koma kashi, daga kashi ya koma ƙashin miya, daga nan sai daddawa da kuka su yi aikin. Zogale da a da wasu ƴan birni ke ganin abincin ƙauye ne ya shigo falo, a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli ko a yi dambu. Garin rogo, wanda ba ya son wuta, ba ya son itace, ya zama abincin ɗalibai da na gwauraye, har da na masu iyali a ƙarshen wata. Gidaje da dama sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, abin da ya kwana a ɗumama da safe, ƙanzo ma ba a zubarwa. Sayayya kuma ta farfashe. Wanda ke sayen kwalin sukari ya koma sayen ƙwaya biyar, mai sayen litar mai ya koma cokali-cokali, omo a ƙulle cikin leda, tumatirin gwangwani a raba shi da wuƙa. A nan akwai zalunci da ba a ganin mai yin sa: in ka tara kuɗin ƙulli-ƙullin nan na wata guda, sai ka tarar talaka ya biya sukari da tsada fiye da mai sayen buhu.

Kuma a cikin gida ba kowa ne ya rage daidai da kowa ba. Kwanon maigida shi ake fara cikawa, sai na yara. Uwar gida ita ke cewa ta ƙoshi. Mun ji wannan “na ƙoshi” sau da yawa muna yara ko muna samari, sai da muka girma muka gane fassararta.

Wajen sutura abin ya zo da sauƙi, don ba a mutuwa da tsohuwar riga. Atamfa ƴar Holan ta koma ta amare da matan alhazai, ta Kaduna da ta Kano suka rufa wa sauran asiri. Gwanjo ya samu daraja, har ma'aikacin ofis na zuwa da sassafe ya zaɓi riga kafin idon sani ya fito. Tela ya samu aikin faci da na rage wandon wa ya koma na ƙane.

Inda abin ya yi muni shi ne magani. Kusan duk ƙwayar da ke kantin magani daga waje take zuwa, mafi yawa daga Faransa, don haka ita ce ta bi lissafin Dakar sak. Likita zai rubuta maka magani huɗu, ka tsaya gaban kanta ka ce wa mai sayarwa, “Wanne ne ya fi muhimmanci?” Ka sayi ɗaya, ka bar uku. Ko ka sayi rabin adadin, yaro ya ɗan ji sauƙi a dakata, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. A shekarun nan ne kuma tsarin biyan kuɗin magani a asibitocin gwamnati ya kafu. Sai masu tallar ƙwayoyi a faranti da kan keke suka cika kasuwanni da tashoshi, kaya daga Najeriya, rana ta dake su, ba a san na gaske ba a san jabu. Mutane ba wawaye ba ne, sun san haɗarin. Amma mai dala ashirin a hannu da yaro mai zazzaɓi a baya, ina za ta? Daga baya an shigo da magunguna marasa sunan kamfani masu rahusa, sun taimaka ƙwarai, sai dai farantin bai koma gida ba har yau. Wannan tsimin ba a lissafa shi da jika, a maƙabarta aka biya wani sashensa.

Biki da suna su ma sun ji a jikinsu, amma a nan ne aka fi jayayya. Maza na cewa a rage lefe, a rage kwanakin biki, a bar maroƙa. Wa'azin da ke sukar almubazzaranci a bukukuwa, wanda ya yi ƙarfi a Maraɗi a shekarun, ya samu kunnuwa da yawa, kuma ba mu raba ɗaya biyu aljihu na cikin abin da ya buɗe kunnuwan. Mata kuwa suna kallon abin ta wata fuska. Gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar biki ba kyauta ba ce kawai, ajiya ce, za ta dawo mata ranar nata, sau da yawa da ƙari. Kwanonin da ke jere a ɗakinta su ne bankinta, ranar da ciwo ya zo ko maigida ya kasa, su ake ɗauka a kai kasuwa. Wanda ya ce ta daina biki, ya ce ta fita daga asusun da ba ta da wani. Don haka an rage, amma ba a bari ba, kuma a ganinmu matan sun fi mazan fahimtar lissafin.

To, tsimi yana da iyaka. In ka rage ka rage, wata rana ba sauran abin ragewa. Daga nan sai neman ƙari.

Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta yi ta yajin aiki a 1994 tana neman a ƙara albashi a kuma biya bashin watannin baya. Abin da aka samu bai kama ƙafar tsadar ba. Sai ma'aikaci ya koma abin da kakansa ya sani. Mushen lakwal da ya bar ƙauye da niyyar ba shi ba hauya har abada, ya nemi gonar gado ko ya yi aro a bayan gari. Damina na faɗuwa, ofis ya zama kango daga ƙarfe goma sha ɗaya. Wani ya ɗaure tumaki biyu a bayan ɗaki yana turka su don layya, wani ya sayi firiji na hannu matarsa na ƙulla ƙanƙara da lemun zoɓo, wani yana bi gida-gida da yamma yana koyar da ƴaƴan masu hali. Mai tsohuwar mota ya mayar da ita taksi da dare, yana addu'ar kada ya ɗauki ɗalibinsa. Akwai kuma ɓangaren da ba mu son tunawa: a shekarun nan ne “na goro” ya zauna daram a wurare da yawa, takardar da hakkinka ce sai ka shafa hannu kafin ta fito. Ba mu wanke kowa ba. Amma duk wanda ya bar ma'aikaci wata uku ba albashi, ya san abin da ya shuka. Yaran da suka yi lakwal a lokacin su suka biya, tsakanin yajin malamai, yajin ɗalibai da shekarun da aka soke karatu ɗungurungum.

Samari kuwa moto ya ɗauke su. Kabu-kabu ya fara ne a garuruwan bakin iyaka irin su Ƙonni tun lokacin rufe iyakar 1984, sa'ad da mota ba ta iya bin hanya sai moto ya bi ta daji. A shekarun 1990 ya bazu, ya zama aikin duk wanda ba shi da aiki, har da masu takardar makaranta. Kusa da shi ga ƴan ruwa-ruwa da kwalaben mai a bakin titi. Wannan sana'a ta dogara ne kan arahar man Najeriya, don haka duk abin da ya faru can sai ya taɓa mu nan: yajin ma'aikatan mai na tsakiyar 1994 ya busar da kwalabe, a watan Oktoba kuma gwamnatin Abacha ta kai lita naira 11. Duk da haka, da yake naira ta ci gaba da zubewa, ba a daɗe ba kayan Najeriya suka sake zama mafakar talakan Maraɗi da Damagaram. Mutumin Yamai, wanda kayansa ke zuwa ta Kwatano da Lome, bai samu wannan inuwa kamar mu ba. Waɗanda ba su samu moto ba kuma suka kafa benci da butar shayi a ƙofar gida. Fadar da muke gani yau a kowane lungu, a waɗannan shekaru na rashin aiki ta yi ƙarfi.

Amma in ana maganar wanda ya riƙe gidaje, a ba mata haƙƙinsu. Mace tana cikin gida, ko ƙofa ba ta leƙawa, amma tana matse man gyaɗa, tana toya ƙuli-ƙuli, tana dama fura, tana suyar waina da awara, tana saƙa, tana kitso. Kuɗin cefanen da maigida ya ajiye da safe ba ya kai azahar, ita ke cikawa ba tare da ta faɗa ba, don kada ta kunyata shi. Adashe ya ƙaru a kowace unguwa. A nan jihar Maraɗi ne, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara: mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanka, a sa a akwati mai kwaɗo, a ranta wa mai buƙata ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zango a fasa a raba. Ba kuɗin bature a ciki, nasu ne. Tsarin nan daga ƙauyukanmu ya tashi ya shiga ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma da yawa cikin masu yin sa can ba su san daga Maraɗi ya fito ba.

Sai dai kowace sana'ar cikin gida tana da ƙafafu, kuma ƙafafun ƴa mace ne. Ita ke ɗaukar farantin talla da safe lokacin da ake buga ƙararrawar lakwal. In aka rasa kuɗin littafi na yara biyu, an san wanda za a cire. Matan da ke da shekara arba'in yau waɗanda ba su iya karanta takardar likita, da yawansu ba ƙin karatu suka yi ba, farantin ne ya biya kuɗin hatsin gidansu.

Ba kowa ne ya yi asara ba, wannan ma gaskiya ce. Makiyayi da dillalin dabbobi sun ga kasuwa, don shanu da raguna sun yi araha ga mai saye daga waje, naman daskare na Turai kuma ya yi tsada a biranen gaɓar teku. Albasar Galmi ta ƙara samun hanya zuwa Abijan da Akara. Lambunan rani da Kountché ya matsa a yi bayan 1984 suka nuna amfaninsu. Allah kuma ya kawo damina mai ruwa a 1994, rumbuna suka samu abin zubawa, hatsi bai bi shinkafa sama ba. Da daminar ta zo irin ta 1984, da wani labarin muke ba ku yanzu. Amma manomin da ya sayar da hatsi da ɗan daraja, shi ne kuma ya je sayen taki da maganin feshi da kuɗin Dakar. Mutanen Adar kuwa suka ƙara yawa a hanyar cin rani, Abijan, Kamaru, Libiya, ƙauye ya rage tsofaffi da mata da jiran saƙo.

Bashin albashi bai ƙare da 1994 ba. Ya bi mu cikin mulkin Baré daga 1996, ya bi mu har riƙon ƙwaryar Wanké a 1999. A zamanin Tandja ne albashi ya dawo ƙarshen wata, aka kuma biya wani sashe na tsohon bashin da filaye. Ma'aikata da yawa ba su iya jira ba, suka sayar da takardar filin da rahusa ga masu kuɗi don su biya mai kanti. Wasu unguwannin da kuke gani yau, gumin watannin nan ne ke ƙarƙashinsu. A aji kuma, malamin kwantaragi mai ƙaramin albashi ya maye gurbin na dindindin.

Shekara goma sha ɗaya mutane suna haɗiyewa a cikin gida. A 2005 suka fito waje. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, rumbuna ba su cika ba. A cikin wannan hali, dokar kasafin kuɗi ta farkon 2005 ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 kan garin alkama, madara, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki. Ƙungiyoyin farar hula, na masu saye da na ƙwadago suka haɗu cikin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, Nouhou Arzika na gaba. Ranar 15 ga Maris dubban mutane suka cika titunan Yamai. Ranar 22 ga wata aka kira zaman gida, kasuwanni da tasha suka yi tsit, Damagaram, Maraɗi da Tawa ma suka motsa. Abin lura shi ne waɗanda suka rufe: ba ƴan boko kaɗai ba, har mai teburi da ɗan taksi da mai sayar da ƙosai, mutanen da yini guda ba ciniki yana nufin daren ba tuwo. Gwamnatin Hama Amadou ta kama jagorori biyar, Nouhou Arzika, Marou Amadou, Moustapha Kadi, Moussa Tchangari da Kassoum Issa, ta zarge su da yi wa ƙasa zagon ƙasa. Gari bai lafa ba. Cikin watan Afrilu aka sake su, aka zauna, aka cire harajin daga madara da garin alkama, aka sassauta wa ƙananan masu amfani da ruwa da wuta. Na sukari ya zauna.

Nasara ce, kuma ta nuna ba kullum ne tsada ke saukowa daga sama kamar ƙanƙara ba, wani lokaci da alƙalami ake rubuta ta, da alƙalami kuma ake gogewa. Amma nasarar ƴan birni ce. Mutumin ƙauyen Dakwaro ko Tanut ba shi da famfo, ba shi da mita, madarar gwangwani kuwa sai dai ya gan ta a kanti. Abin da ke kashe shi hatsi ne, kuma a tsakiyar damanar 2005 buhu mai kilo 100 ya kai wajen jika 30 a kasuwanni da dama. Hatsin yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Dabbobi sun rame, farashinsu ya faɗi, makiyayi ya ba da akuya uku bai samu abin da guda ke kawo masa a da ba. Aka ci anza, aka ci tafasa, aka sayar da kwanoni, aka jinginar da gona, aka ci bashin buhu guda a biya biyu ko uku da kaka. Cibiyoyin likitocin MSF a Maraɗi suka cika da yara, a jihar da ake kira rumbun ƙasa. Kofi Annan ya zo Damagaram a watan Agusta ya gani da idonsa, a daidai lokacin da hukuma ke musun cewa akwai yunwa. A watan Disamba Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci.

Gidan da ya jinginar da gona a 2005, da yawa bai karɓo ta ba. Daga irin waɗannan gidaje ne mata suka fara ɗaukar yara suna bin hanyar Aljeriya neman abin kai wa baki. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada bayan Arlit, kusa da iyaka, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu mata ne da yara daga yankin Kance.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku: tsadar shinkafa ta 2008, rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, cire tallafin mai da Tinubu ya yi ranar 29 ga Mayu 2023 wanda ya girgiza ƴan ruwa-ruwa da ƴan kabu-kabu, sai takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yuli na wannan shekarar, da aka yanke wuta aka tare hanyar kaya har zuwa Fabrairu 2024. Duk lokacin da abin ya zo, hannu na komawa inda ya saba: a rage nama, a ƙulla sukari a leda, a fitar da moto, a ɗora wa yarinya faranti. Bambancin shi ne malamin 1994 yana da gonar gado da zai koma, kadada uku ko huɗu a bayan gari. Shi ya rasu ko ya tsufa, an raba gonar tsakanin ƴaƴa tara, gari kuma ya cinye gefenta da bulo. Ɗansa da ke kwantaragi a wani ƙauyen Mayahi, rabonsa bai fi inda za a shuka tiya guda ta iri ba, kuma bara ya sayar da shi ya sayi moto.